Jarrabawar da Na Haɗa da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da ma na so mantawa akwai mutum sama da ɗari da za su tuna min. Ita ce ranar da aka yi min jarrabawar Hausa a bainar jama'a na faɗi warwas. Ni ce fa malamar Hausar. Jarrabawar kuma, don Allah ku riƙe dariyarku tukuna, ni na haɗa ta da hannuna.

Bari in faro daga tushe. Ni haifaffiyar Zariya ce, cikin birni ba Sabon Gari ba (wannan bayanin yakan fito daga bakina ko ba a tambaye ni ba), kuma Hausa na karanta a jami'a. Aure ne ya kawo ni Abuja, muka zauna a Kurudu, na samu aikin koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a wajen Karu. Tsarin makarantar shi ne, 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare da suka zaɓi Hausa duk a haɗe suke karatu. A ƙarshen shekara sai a yi jarrabawa a raba su gida biyu. Waɗanda suka ci su shiga babban aji, inda ake karanta labarai ana rubuta insha'i. Waɗanda suka faɗi su tafi ajin 'yan koyo, inda ake ta fama da "ina kwana, lafiya lau" har shekara ta ƙare.

Yaran ajina iri biyu ne. Akwai waɗanda Hausa baƙuwa ce a wurinsu, irin su Chidera, wata 'yar Ibo mai ƙwaƙwalwa, wadda in ka ba ta shafi yau, gobe za ta karanto maka shi da ka har da lambar shafin. Sannan akwai 'ya'yanmu, 'ya'yan Hausawa haifaffun Abuja. Su waɗannan suna jin komai, har gulmar da ake yi a kansu, amma ka yi musu magana da Hausa su mayar maka da Turanci. In sun je gida hutu ana yi musu dariya ana ce musu 'yan Abuja, in sun dawo nan kuma ni in tare su da jan biro. Gaskiya su suka fi ba ni haushi, don gani nake ganganci ne kawai.

A cikinsu akwai wata yarinya shiru-shiru mai suna Ummi. Mahaifinta Bakatsine ne mai shagon atamfa, mahaifiyarta nas ce, Turanci ake yi a gidan daga safe har dare. Hausar Ummi duk a wurin kakarta ta same ta, wata tsohuwa da aka ɗauko daga Katsina take zaune tare da su. Shi ya sa maganarta take da ban mamaki. Ba ta san yadda ake cewa "sha bakwai" ba sai ta tsaya ta ƙirga da yatsu, amma ranar da wani yaro ya kwafi aikin gida ya sa aka bugi wanda ya ba shi, sai na ji ta ce a hankali, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Sai a zango na uku ta fara sakin jiki tana ɗaga hannu a aji. Ta ma taɓa tare ni a baranda ta ce min tana son shiga babban aji, don ta iya karanta wa kakarta littafi, tunda idon tsohuwar ya yi rauni kuma dama ba ta yi boko ba. Na ce mata to ta dage, na wuce abina.

Ana haka aka tura ni taron ƙara wa juna sani na kwana biyu a wani otal a cikin gari. Na dawo da jaka, da biro, da kai ya kumbura. Abin da na tsinto a can shi ne wai jarrabawar rubutu kaɗai zalunci ce ga yaran da suka gaji harshe a gida, ya kamata a riƙa yi musu ta baka, a kuma yi awo da takardar maki mai gida-gida. Maganar gaskiya ce, ba ta da aibu. Aibun a wurina yake. Maimakon in zauna in yi tunani, sai na je wurin malamin Turanci na ari takardar da yake auna yara da ita, na cire Turancin na zuba Hausa, na buga sunana a ƙasa.

Gida huɗu ne a takardar, kowanne maki goma: kallon mai tambaya ido cikin ido, ɗaga murya, amsa kai tsaye ba kewaye-kewaye, da cikakkiyar jimla. Tambayoyin kuwa daga littafin 'yan koyo na kwaso su. Yaya sunanka, yaya sunan mahaifinka, yaya sunan mahaifiyarka, ku nawa ne a gidanku. Na duba aikina na ce kai, yarinya, Abuja ta yi miki kaɗan.

Ranar jarrabawa Chidera ta shigo ofis ta tsaya ƙiƙam, ta zuba min ido, ta rangaɗa amsoshi har malamin lissafi da ke ofishin gaba ya ji sunan babanta. Na ba ta talatin da takwas ina murmushi.

Sai ga Ummi. Ta yi sallama a bakin ƙofa, ta shigo ta durƙusa har ƙasa. "Malama, ina kwana. An tashi lafiya? Ya mutan gida?" Na duba takardata, babu gidan durƙuso. Na ce ta tashi ta zauna, ta kuma kalle ni. Ta zauna a gefen kujera, idonta a kan takalmina.

"Yaya sunan mahaifinki?"

"Abba."

"Sunansa na yanka nake tambaya."

Ta shiga murza gefen hijabinta. Can ta ce, "Alhaji."

Na juyo mata da rajista na ɗora yatsa. "Ga shi nan a rubuce a bayan sunanki. Ba ke kike faɗarsa ba duk ranar da aka kira ki a asambuli?"

"In English ne nake faɗa, Malama," ta ce, da kyar nake jin ta. "Da Hausa ba ya fita."

Wallahi wannan amsar kaɗai ta isa ta farkar da mai hankali. Ni kuwa sai na ji kamar rainin wayo ne. Na tambayi sunan mahaifiya, ta ce Mami. Na ce ku nawa ne a gidanku, ta ce, "Muna da dama, alhamdu lillahi." Na dangwara mata takwas cikin arba'in, na rubuta a ƙasa: "Tana buƙatar komawa ajin 'yan koyo." Ban tsaya nan ba. Don a ga aikin gaskiya nake yi, na liƙa sakamakon kowa a allon sanarwa, daga na sama har na ƙasa, sunan Ummi shi ne na ƙarshe. Daga ranar ba ta sake ɗaga hannu ba. Ko gaisuwa ma sai ta koma "good morning, Ma." Na lura, amma na ce fushin yara ne, zai wuce.

Shugabar makarantarmu, Madam Bose, Bayarabiya ce da ta yi shekaru a Arewa, tana jin Hausa irin tata. Ta ga takardata ta yaba ƙwarai, ta ce ranar taron iyaye ni zan hau dandamali in nuna sabon tsarin. Nan fa kaina ya ƙara girma. Na ɗinka sabon leshi. Na gayyaci maigidana. Surukata, Inna, ta zo daga Zariya a lokacin don ganin likitan gwiwa, na ce ita ma lallai sai ta je ta ga yadda ake ji da matar ɗanta. Ni da kaina na samar musu kujera a sahun farko, daidai gaban dandamali (wanda zai gina ramin mugunta an ce ya gina shi gajere, ni nawa ban ma san rami nake ginawa ba, har da share gefensa).

Da farko komai ya tafi daidai. Na yi bayani, na kira Chidera ta hau ta maimaita bajintarta, aka tafa. Ina hango Inna tana gyaɗa kai. Da na tsaya nan da na sauka da mutuncina. Amma sai daɗin lasifika ya ɗebe ni, na ce, "Ko akwai mai tambaya?"

Daga can tsakiyar zaure wata 'yar tsohuwa ta miƙe, da carbi a hannu ɗaya, ɗayan hannun tana riƙe da Ummi. Suka taho a hankali har gaba. Tun kafin su iso na sha jinin jikina.

"Malama, sannu da aiki," in ji tsohuwar. "Ni ce kakar yarinyar ga. Ban yi boko ba. Amma an ce mani ba ta iya Hausa ba, ni ko ni na koya mata, kin ga ke nan ni aka kayar. To ban zo rigima ba. So nike a gwada awon ga bisa wanda ya iya, in ga yadda ake cinye shi, sai in koma gida in gyara."

Ina shirin in ce a bari sai bayan taro, sai Madam Bose ta tafa hannu. "Very good! Mama ya yi magana mai kyau. Wa ya fi Malama iya Hausa a nan? Malama, zauna a kujera, Mama zai tambaye ki." Ta zare takardar maki daga hannuna ta miƙa wa Ummi, har da jan birona.

Na ce a raina to mene ne, jarrabawar 'yan shekara goma sha ɗaya? Aka sa wa Hajiya, kakar Ummi, kujera a kan dandamali. Na matso zan zauna a tawa, sai na tsinci kaina a durƙushe ina cewa, "Hajiya, ina wuni, an zo lafiya?" Ban ma san lokacin da gwiwoyina suka lanƙwashe ba.

"Lahiya lau, ɗiyata. Ummi, akwai makin durƙuso?"

Ummi ta duba takarda. "Babu, Hajiya."

"To tashi, kin yi a banza. Ummi, karanta mana na farko."

Yarinyar da na ce ba ta iya Hausa ba ta riƙe lasifika, ta karanta tiryan-tiryan, a hankali amma ba kuskure: "Kallon mai tambaya ido cikin ido."

"Bismilla," in ji Hajiya, ta gyara zama ta zuba min ido.

Jama'a, na yi ƙoƙari. Na ɗaga kai na kai har haɓarta. Tsohuwa sa'ar kakata, ga Inna zaune taku uku daga inda nake, in ƙura mata ido kamar mara mafaɗi? Idona da kansa ya gangaro ya sauka a kan silifas ɗinta. Na ji ƙarar biro a kan takarda.

"Mi sunan mahaifinki?"

Wannan na samu na faɗa, don na saba faɗarsa a banki da asibiti. Sai dai a can ciki ya fito, ko lasifikar ba ta kama ba. Wani uba daga baya ya ɗaga murya, "Ba mu ji ba, Malama! A ɗaga murya, maki goma ne!" Zaure ya ɗauki dariya. Gumi ya fara bin bayan sabon leshina.

"A bar ta, na ji," in ji Hajiya. "To, ita yarinya babba a gidansu ubanta ne. Ke ko babba a gidanki maigidanki ne. Mi sunanshi?"

Shekara tara da aurena a lokacin. A cikin shekara taran nan sunan mutumin nan bai taɓa fita daga bakina a gaban mahaifiyarsa ba, ko a gaban wani babba. Ɗan fari ne, ita kanta Inna ba ta faɗar sunan. A wayata ma "Gida" na rubuta. Na saci kallon sahun farko. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Shi kuwa gogan naku ya harɗe hannuwa ya jingina, bakinsa har kunne, kai ka ce kyauta za a ba shi.

"Abban Sadik," na ce.

"Na yanka nike tambaya."

"Injiniya."

"Ummi, mi takarda ta ce?"

"Amsa kai tsaye, ba kewaye-kewaye."

"To, Malama, ba kewaye-kewaye."

Na buɗe baki. Na rantse muku na buɗe. Sunan gajere ne, gaɓa biyu, na rubuta shi a fom ya fi sau ɗari, na faɗa wa masu kawo saƙo da Turanci ban ji komai ba. Amma a nan, da Hausa, a gaban tsofaffi biyu, sai ya tsaya min a maƙogwaro ya ƙi gaba ya ƙi baya. A lokacin ne maganar Ummi ta dawo min daram: da Hausa ba ya fita. Na sunkuyar da kai ina murza gefen gyalena, daidai yadda ta murza hijabinta a ofishina. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, har in ja ta in rufe.

Zauren nan ya kaure. Iyaye Hausawa suna dariya har da riƙe ciki, waɗanda ba Hausawa ba suna tambayar na kusa da su me ya faru, in an yi musu bayani su ma su fashe. Madam Bose tana cewa, "Ah-ah, Malama, ba ki san sunan oga ba?" Wannan ya ƙara tunzura su.

Hajiya ta ɗaga hannu, aka yi tsit. Ta kamo hannuna, muryarta ba faɗa ko kaɗan.

"Ɗiyata, ɗago. Ni a wurina kin ci. Waɗanda suka haife ki sun yi tarbiyya, Allah Shi saka masu. Uban yarinyar ga ɗana ne na fari, ban taɓa hwaɗin sunanshi ba, ita ma ba ta taɓa jin an kira shi a ɗakina ba. Ni na ce mata ba a ƙirga 'ya'ya, ni na ce mata ba a kallon babba cikin ido. To abu guda nike so ki gaya mani. Mi ya sa abin da ya zama tarbiyya gare ki ya zama sifili ga jikata?"

Dariyar da aka yi min ba ta yi min zafi kamar wannan tambayar ba, don gaskiya ce tsagwaronta. Na ce, "Hajiya, na yi kuskure. A yafe ni."

Madam Bose, wadda ba ta son a bar abu rabi, ta ce, "Oya, Ummi, karanta mana result. Malama ya samu nawa?"

Na rufe ido ina jiran sakayya. Ai ta samu dama, ga lasifika a hannunta, ga duk iyayen makaranta. Ni da na liƙa takwas ɗinta a allo kowa ya gani, me zan ce? Na buɗe ido, na ga ta ninke takardar gida huɗu ta ɓoye a bayanta.

"Ba a faɗa, Ma," ta ce. "Malamata ce."

Tafin da aka yi mata ya ninka na Chidera, kuma Chidera ce ta fara. Ni kuwa nan ne hawaye ya zubo min, kwalliyar da na ɓata awa guda ina yi ta bi ruwa.

A mota maigidan bai bar ni na huta ba. Muna fita ƙofar makaranta ya ce, "Wai ni don Allah yaya sunana ne? Na manta." Inna ta ce, "Kai, rufe mana baki ka kalli hanya." Muka yi tafiya har kwanar Kurudu, sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Da kin faɗa, da a motar haya za ki dawo gida." Wannan shi ne yabo mafi girma da na taɓa samu daga bakinta.

Ran Litinin na cire sakamakon daga allo tun kafin yara su iso. Na roƙi Madam a sake jarrabawar, ta yarda. Wannan karon na zauna na yi aikin da ya kamata in yi tun farko. 'Yan koyo na bar musu tambayoyinsu, don su a wurinsu faɗar sunan uba ba komai ba ne, ci gaba ne ma. 'Ya'yan gida kuwa na canza musu. Na ce kowa ya nuna min yadda zai gaida kakarsa da yadda zai gaida abokinsa, ya kawo labari ko karin magana daga gida ya bayyana, ya gaya min abu guda da ba a faɗa a gidansu da dalilinsa. In kalma ta ɓace wa yaro ya cike da Turanci, ba na yanke masa, sai in ba shi ta Hausar mu ci gaba. Gidan kallon ido na goge shi gaba ɗaya. Abin da ya fito daga bakin yaran nan da nake cewa 'yan ganganci ya ba ni kunya karo na biyu. Ashe Hausar tana nan cike da cikinsu, ni ce ban iya tambaya ba.

Ummi ta shiga babban aji. Har yanzu "sha bakwai" sai ta ɗan tsaya, kuma rubutunta yana shan jan biro yadda ya kamata, ban ɗaga mata ƙafa ba. Amma kafin zango ya ƙare ta karanta wa Hajiya littafi guda cur, tsohuwar ta aiko min da ƙullin daddawa da saƙon cewa in gaida Injiniya.

Ranar da aka sake jarrabawar, bayan ta gama, Ummi ta ajiye min wata ninkakkiyar takarda a kan tebur ta fita da sauri. Takardar makina ce. Yarinyar ba ta yi min alfarma ba: kallon ido sifili, ɗaga murya sifili, amsa kai tsaye sifili, cikakkiyar jimla biyu. Biyu cikin arba'in, ko takwas ɗinta ban kamo ba. A ƙasa, a layin da ni na rubuta mata ta koma ajin 'yan koyo, ta rubuta da jan birona: "Malama ta iya Hausa."

Takardar tana nan a cikin jakata har yau. Kuma tun daga lokacin, duk jarrabawar da na haɗa, kafin in ba ɗan kowa sai na fara yi wa kaina ita, ina ƙaddara cewa Inna tana zaune a sahun farko. In tambaya ta tsaya min a wuya, sai in soke ta. Haka kuma na daina cewa "ko akwai mai tambaya" in na hango tsohuwa da carbi a cikin taro.